Shekarar da Bado Ya Yi Shuɗi

Abin ya faru a daminar shekarar da motoci suka canja hannu a titi. Fam bai tafi ba tukuna, naira ba ta shigo ba, farin nan da ya ƙone gero a tsaye kuwa sai a shekarar da ta biyo. Na yaye Sani, ina goyon Rabi, Inna ba ta daɗe da fita takabar mahaifinmu ba. Na jero muku waɗannan ne don ku san ba jiya ba ne, kuma ban manta komai ba. Ina jin abin da kuke faɗa idan kun ɗauka barci nake: wai Hajiya Habi da ƙanwarta Dije sun tsufa ba sa shiri a kan wata tsohuwar tukunya. Kuna faɗa kuna dariya. To tukunyar ce, ban musa ba. Amma rabin labarin kuka ji, kuma daga bakin mutanen Zango kuka ji shi. Na sa Ummi ta ɗauko takarda, ina faɗa tana rubutawa, kowa ya karanta ya huta da raɗa.

Ni ce 'yar fari. Ku na yanzu ba ku san nauyin wannan ba, don ina ganin iyayenku suna ɗaga ɗan fari sama suna masa wasa a gaban surukai. A zamaninmu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta yabonta, ba ta kallonta ido cikin ido. Kunya ce, haka aka tarar. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin "Habi" a bakin Inna ba. Idan ina kusa "ke" ce, idan na yi nisa "waccan". Ana yaye ni aka miƙa ni ga Iya, mahaifiyar Inna, can cikin garin Daura bayan marina, kuma a gindin tukunyarta na girma.

Maza su ke da karofi, ramuka a fili, suna rina manyan riguna da rawani. Mu mata tukunya gare mu a bayan ɗaki, rabinta a binne a ƙasa. Zaren saƙa muke rinawa, da kallabi, da zanen goyo, da duk abin da mace ba za ta so ya ratsa hannun maza ba. Tukunyar Iya baƙa ce wuluk, mutum biyu ba sa ɗaga ta, tana da wani tsagi a baki da aka liƙe tun kafin a haife ni. Iya ta ce ita ma a hannun uwarta ta same ta, kuma ruwan cikinta bai taɓa mutuwa ba. A nan na koyi daka ganyen baba a dunƙula a shanya, na koyi tace toka, na koyi juya muciya safe da yamma ba tare da na bugi ruwan ba. Ba a kusantarta da gishiri. Ba a taɓa ta da hannun da ya shafa mai. Idan ta ji yunwa a ƙara mata baba, idan sanyi ya kama ta a lulluɓe ta da tsohuwar tabarma. Da harshe ake sanin lafiyarta: ki ɗiga kaɗan, idan ya ɗan cije ki, ta yi. Zare yakan fito daga ciki kore-kore kamar ɗanyen ganye, sai ya sha iska ya juye shuɗi a gaban idonki. Har yau ban gaji da kallon wannan ba.

Ga kuma al'adar gidanmu, wadda ita ce tushen maganar. Sabuwar tukunya ba ta tashi da sauƙi ita kaɗai. Ana zuba mata ludayi guda daga tsohuwa, kamar yadda ake zuba tsohon nono a madara ta kwana ta zama kindirmo. Uwar tukunya kuwa mace ɗaya ake ba wa a cikin 'ya'ya. Duk wadda ke son kafa tata, sai ta ɗauki ludayinta ta je gidan mai uwar tukunya, ta durƙusa, ta ce, "Na zo roƙon ruwa." Ko yaya ce, ko gwaggo ce, sai gwiwarta ta taɓa ƙasa. Na ga mata masu furfura suna yi wa Iya haka. Ban taɓa kawo wa raina cewa wata rana ni za a ce in durƙusa wa wata ba. Da Iya ta rasu muka koma da tukunyar gidan Inna, ta zama tata a suna, amma ni ke juya ta. Aka yi mini aure a unguwar, gidan Malam Isa masaƙi, ta ƙofar baya nake ratsowa, kullum da hantsi ina can da goyo a bayana.

Dije kuwa auta ce, maza ne a tsakanina da ita. Ita sunanta a bakin Inna kamar tasbihi: Dije zo, Dije ci, Dije kar ki taɓa wuta. Fara ce, ga wushirya, idan ta yi dariya sai kowa ya nemi abin da zai ƙara faɗa don ta sake. Ni baƙa ce, doguwa, hannuwana shuɗi har gwiwar hannu tun kafin in fara ɗaura kallabi. Idan na buɗe tukunya Dije toshe hanci take yi.

"Yaya, rufe mana. Kamar an buɗe masai."

Sai Inna ta yi dariya. Da ni na faɗi haka, da muciya ce za ta sauka a bayana. Aka aurar da ita ga Malam Sule, malamin firamare, mai keke da alƙalami a aljihun gaba. Ni na rina zaren zannuwan aurenta, na tsoma na sake tsomawa har ya yi duhu yana ɗaukar ido. Ranar kai amarya mata suna ta shafa zanen suna cewa jikin Dije ne ya fito da shi.

Wata Juma'a ce, damina ta yi tsakiya, tafkin bayan ganuwa ya cika, bado ya rufe shi fari tas. Mata sun taru a tsakar gidan Inna bayan an sauko daga masallaci, kamar yadda aka saba. Gwaggo Tabawa, yayar mahaifinmu, tana kan tabarmar da ta fi kyau, don ita ce mai yanke magana a danginmu. Ina bayan ɗaki ina matse zare sai na ji tsakar gida ta yi tsit. Na leƙo. Dije ce a tsaye da gora mai siririn wuya, an soka furannin bado a bakinta. Shuɗi ne. Kuma ba shafa shi aka yi ba, daga ciki launin yake, ya bi jijiyoyin furen siri-siri har baki, gindin ya fi duhu. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma a take na ji kamar an zuba mini garwashi a ciki.

"Auta, ina kika samo wannan?" in ji Gwaggo.

"A tafki mana, Gwaggo. Yara suka tsinko mini jiya."

"Badon tafkinmu fari ne tun kafin a haifi ubanki."

"Fari suka kawo shi. Na ajiye a ɗaki, da safe na gan shi haka."

Gwaggo ta goga yatsa a kan furen, ta duba yatsan, babu komai. Ta daɗe tana kallo, sannan ta juya ga Inna.

"Hannun Iya ne ya dawo. Ashe nan ya ɓuya, muna ta duba wani wuri."

Wani wurin ni ce. Na fito ina goge hannu a zane, na ce a ba ni in gani. Dije ta janye gorar ta rungume.

"Yaya, hannunki da toka. Zai ƙone."

Aka yi dariya. Ta kai wa Inna har gabanta, Inna ta sunkuya ta shinshina, ta ɗago.

Kafin a jima labari ya kai Zango, ya kai Baure. Wata mata ta zo tun daga Babban Mutum a bayan babbar mota da ƙullin zarenta, ta ce gidan mai bado take nema. Ni na karɓi zaren, ni na rina, ni na shanya, ta tafi tana sa wa Dije albarka. Dije kuwa duk Juma'a sai ta zo da sabbin furanni a gorar nan da ba ta barin kowa ya leƙa. Aka sa mata suna Dije Mai Bado.

Na ce idan hannu ne, ai nawa ya fi daɗewa a ciki. Na sa aka tsinko mini bado. Na ɗebi ruwan tukunya ranar da ta fi lafiya, kumfarta na ƙyalli kamar wuyan tattabara, na tsoma karan na ajiye a inuwa. Kafin la'asar furen ya sunkuyar da kai, karan ya yi yauƙi kamar kuɓewa. Na ce ƙila ruwan ya yi masa ƙarfi, na sirka da na rijiya. Ya mutu. Na tsoma shi gaba ɗaya kamar zare, ya fito kamar tsumman goge tukunya. Na gwada da sassafe, na gwada da alwala, na gwada da sabon baba. Bayan ɗakina ya cika da ruɓaɓɓen bado, har wata rana Malam Isa ya tsaya a kai da butarsa a hannu.

"Habi, miya za a yi da shi ne?"

"Ka wuce masallaci, Malam, an kusa tayarwa."

"Ni dai zarena nake jira. Fure ba ya hawa masaƙa."

Bai san abin da ke cina ba. Wani tsoro ne ya shiga ƙarƙashin kishin ya kwanta. Ko dai gaskiya ne? Ko duk abin da na sani koyo ne kawai, ita kuwa baiwa aka ba ta tana kwance a ɗaki? Kishi na yi, ku rubuta shi haka, ban ɓoye ba. Amma ban yi hassada ba. Ban taɓa roƙon Allah ya karɓe mata ba, tambayarsa kawai nake don me ni ya tsallake ni.

Da kaka ta yi, tafki ya ja baya, aka yi wa Malam Sule canjin wurin aiki zuwa Zango. Inna ta aika a kira ni. Na tarar da Gwaggo da Dije a ɗaki. Inna tana tsince wake a faifai, kuma a kan waken ta yi maganar, ba ta ɗago ba.

"Tukunya za ta bi auta Zango."

Na jira ko akwai saura. Babu.

"Inna, wa zai juya ta?"

"Mai ita."

"Ta san lokacin da take jin yunwa?"

"Za ta koya. Waɗanda suka iya ma koya suka yi."

Gwaggo ta gyara zama ta ce, "Ke kuma sai ki kawo ludayinki kafin a ɗora ta a mota, ki roƙi ruwa wurin ƙanwarki, ki kafa taki. Ba a kanki aka fara ba."

Ni na haƙo ta daga ƙasa, don babu wanda ya san iyakar tsagin sai ni. Ni na kwashe ruwan a tuluna na toshe bakinsu da tsumma, na naɗe ta da kara da tabarma, na nuna wa masu ɗauka inda za su kama. Dije na tsaye a zaure da sabon mayafi.

"Yaya, ina ludayin? Direba na sauri."

"Ban zo da shi ba."

"Ga na Inna can a rataye."

"Na Inna ne."

"To ba sai kin durƙusa ba, ni dai ki ɗiba."

"Wa ya ce miki durƙuson ne ya dame ni?"

Durƙuson ne mana. Amma ko a tsaye aka ce in karɓa, daga hannunta ne dai. Mota ta tashi. Na koma bayan ɗaki na tsaya a bakin ramin da ta bari, har Rabi ta fara kuka a bayana.

Na ce zan tayar da tawa daga babu, kuma na zaɓi shekara mafi muni. Ruwa ya ƙi sauka, baba ya bushe a gona kafin ya kai yanka, mutane na neman abin da za su zuba a tukunyar tuwo, ni ina neman abin da zan zuba a ta rini. Na sayi sabuwar tukunya na binne. Na zuba toka, na zuba baba, na juya, ta yi tsit kamar rijiyar da aka daina ja. Na kwashe na sake. Ta ruɓe, wari ya kori maƙwabta daga zaure. Malam Isa ya gaji da jira ya fara kai zarensa karofin maza, kuma na gan shi yana ɓoye shi a ƙasan riga idan zai shigo, wannan ya fi mini ciwo da a ce ya yi faɗa. Gwaggo ta aiko sau da yawa cewa Zango ba Makka ba ce, in shiga mota in je in roƙo. Na ce a gaishe ta. Sai da wata daminar ta zagayo, na samo baba mai kyau daga wajen Baure, wata safiya na ɗaga tabarma na ga kumfa ta taru a tsakiya tana ƙyalli. Na ɗiga a harshe. Ta cije ni.

Zaren farko da ya fito, ko bushewa bai gama yi ba na kai wa Inna. Ta karɓa, ta ɗaga shi ta fuskar haske, ta murza a gefen farin zanenta, bai bar tabo ba. Ta daɗe da shi a hannu. Ina tsaye ina jira. Sai ta miƙo mini tana kallon ƙofa.

"A shanya a inuwa."

Shi ke nan abin da na samu.

Ba a daɗe ba muka ji uwar tukunya ta mutu a Zango. Ruwan da ya rayu tun kakar Inna ya mutu a hannun mai baiwa. Na jira in ji an ce wani abu. Kowa ya ce fari ne, fari ya kashe shanu ma balle tukunya. Sunan bai motsa ba. Har yau ku tsaya a tashar Zango ku ce gidan Dije Mai Bado, yaro ƙarami zai kai ku. Ni da na rina zannuwan goyon rabin unguwarmu, ni da a Makka wata Balarabiya ta kama hannuna tana tambayar wane irin lalle ne wannan, Habi ce kawai.

Da ƙarfin Inna ya ragu sai ta ce ita wurin auta za ta zauna. Ina zuwa gaishe ta, amma ban taɓa kwana a gidan ba, ban taɓa zagayawa bayan ɗaki ba. In shiga, in gaida ta, in ajiye abin da na kawo, in ce direba na jira. Ranar da ta cika na isa an riga an fita da ita. Ku 'ya'yana kun tashi ba ku san 'ya'yan Dije ba sai a wurin biki da makoki, kuna haɗuwa kuna tambayar juna suna. Na san wannan, ba sai wani ya tuna mini ba. Abin da ludayi ɗaya ya ci ke nan.

Sai bara. Ummi 'yar Rabi ce, sunan Inna ta ci, aure ya kai ta Abuja. Ta dawo gida haihuwar fari da kaya niƙi-niƙi, har da wani fure a 'yar roba da ta riƙo a cinya tun daga can, wai abokan aikinta suka ba ta. Babu ƙasa a cikin robar, ɓawon itace ne, saiwoyin sun leƙo waje kamar yatsun kaza. Ta shigo da shi ɗakina ta ajiye kusa da randa saboda sanyi. Reshe biyu gare shi. Tsohon yana ɗauke da sauran furanni shuɗi, launin ya bi jijiyoyi siri-siri. Sabon da ya fito daga ƙasa ya buɗe fari tas. Na tashi daga gado ban nemi sanda ba.

"Ummi, wa ya rina wannan?"

"Okid sunansa, Hajiya. Ni ma da na ga farin na ɗauka ciwo ya kama shi, sai na duba a waya. Ashe fari ne asalinsa. Masu sayarwa ne ke yi masa allura."

"Allura irin ta asibiti?"

"Irinta. Su huda karan ta ƙasa, su ɗura ruwan kala, su toshe da kaki. Shi kuma yana jan ruwa yana jan kalar har cikin furen. Idan waɗannan suka zube shi ke nan, duk na baya fari za su fito. Kawo yatsanki ki ji."

Ta kama yatsana ta ɗora a karan. Na ji ɗan tabon, kamar ƙwayar gero.

"Da baba suke yi?"

"Haba Hajiya, ke komai baba. Kala ce mai narkewa a ruwan sha. Mu ma mun yi a makaranta, malaminmu ya sa muka tsoma farin fure a ruwan tawada, washegari ya koma shuɗi."

"Wace tawada?"

"Ta alƙalami mana, irin ta kwalba."

Na zauna a bakin gado. Aljihun Malam Sule na gani, da ɗan tabon shuɗin da ba ya rabuwa da shi, da 'yar kwalbar da yake saye a kantin wani Ibo a bakin tasha. Baba ba ya sakin jiki a ruwa sai da toka, toka kuwa ita ke ƙone karan. Ko zan shekara ɗari ina tsomawa ba zai hau ba. Ashe babu abin da ya sami hannuna.

Washegari na sa Sani ya samo mini mota, na ɗora furen a cinya har Zango. Malam Sule ya daɗe da rasuwa, Dije na gidan da babban ɗanta. Na same ta a inuwar darbejiya tana ɓare gyaɗa. Haƙoran da ke riƙe da wushiryar sun tafi, amma dariyar na nan.

"Yaya? Wa ya rasu?"

"Babu. Fure na kawo miki ki duba, tunda ke ce gwanar."

Na ajiye a gabanta. Ta dubi shuɗin, ta dubi farin, ta sake duban shuɗin. Sai kafaɗunta suka fara rawa don dariya.

"Tawadar Malam ce," na ce.

"Allah ya jiƙansa. Ya yi ta faɗa wai kwalba na ƙarewa da wuri, ɗalibai yake zargi."

"Ba ki ji kunya ba?"

"Da farko ban yi niyya ba, Yaya. Malam ya wanke alƙalami a kofi ya bari, na soka furen a ciki don na ji ƙyuyar zuwa randa. Da safe na gani na ce bari in kai a yi dariya. Sai Gwaggo ta faɗi abin da ta faɗa. Kin san daɗin a ce kin iya wani abu? Ke kullum ana faɗa miki. Ni kyau kawai ake cewa ina da shi."

"Wa ke faɗa mini?"

"Kowa."

"Kowa ba Inna ba ce. Kin bar ta ta tafi tana ganin hannun Iya ne a jikinki."

"Inna? Ranar farko ta gane. Ba ki ga ta shinshina ba? Mutane na watsewa ta kama kunnena ta ce, 'Wannan warin makaranta yake, ba na baba ba.'"

"To don me ta ba ki?"

Dije ta ajiye gyaɗar da ke hannunta.

"Ta ce za ni garin da ban san kowa ba, ban iya komai ba, idan wani abu ya sami Malam me zan ci. Na ce Yaya fa? Ta ce, 'Habi ko a fasasshen kasko za ta tayar da baba. Ta wuce Iya.'"

"'Waccan' dai ta ce, ba Habi ba."

"Habi ta ce. Daga ni sai ita a ɗakin, wa za ta ji wa kunya?"

Kuna tsammanin a nan zuciyata ta yi sanyi. Ummi ma da na ba ta labari sai da ta share ido. Ni kuwa sabon garwashi na ji. Ku duba da kyau. Ta sami tukunya, ta sami suna, ta sami tausayi, ita ta yi jinya, ita ta shafe idon Inna. Sau ɗaya a duniya da Inna ta buɗe baki ta kira sunana ta yabe ni, shi ma a kunnen Dije ya sauka, ta ajiye abinta fiye da shekara hamsin kamar gyaɗar iri.

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Kin taɓa zama? Kullum mayafi a kafaɗa, direba na jira. Kuma idan na faɗi wannan sai na faɗi na tawada."

"Sake faɗa."

"Me?"

"Yadda ta faɗa. Da muryarta."

Ta gyara murya ta sake. Dije ta iya kwaikwayon Inna tun tana yarinya, wannan kam baiwarta ce. Na sa ta sake, ta sake, har ta ce maƙogwaronta ya bushe. Sannan na miƙe na zagaya bayan ɗaki, karo na farko a gidan. Tana nan a jingine da bango, an kife mata kwano a baki. Na ɗaga. Gyaɗa ce a ciki har wuya. Na bi tsagin da yatsa, bai ƙaru ba.

"Ki ɗauke ta, Yaya," in ji Dije daga bayana. "Taki ce tun asali."

"Ba ni aka ba wa ba. Kuma ba ki kai ki yi mini kyauta da abin Iya ba."

"To me kike so?"

"A kwashe gyaɗar nan. A wanke ta da ruwan toka, kar a sa sabulu. A binne ta yadda take a da. Sannan ki ɗauko ludayinki ki zo Daura."

"In durƙusa? Da wannan gwiwar?"

"Akwai tabarma."

Cikin waɗanda suka ga badon nan da idonsu, Gwaggo Tabawa ce ta fara tafiya, sai Inna, sai Malam Isa, sai Malam Sule, Allah ya jiƙansu. Tafkin ma an cike shi an yi gidaje a kai. Saura ni, saura Dije, sai Rabi da ke bayana a ranar ba ta san abin da ake yi ba. Furen Ummi shuɗin ya zube, farin ya rage. Tukunyar Iya na Zango, an ce mini an kwashe gyaɗar. Tawa na bayan ɗaki, jiya na ɗiga a harshe, tana cizo. Dije ta aiko cewa bayan salla za ta zo. An yi salla. Tabarmar na nan a naɗe a bayan ƙofa, kuma kar wani cikinku ya kuskura ya ɗiba ya kai mata.